Shekarar da Muka Raka Yaya Teku

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Umma ba. Idan za ta aike ni wurinsa sai ta ce, "Kira min wancan." Idan abinci ne, "Kai wa mai ɗakin can." Da ya sayi keken tsere ya rataye a bangon falo, saboda ɗan gidanmu na bene a unguwar Thamesmead ba shi da wurin ajiya, sai ya samu sabon suna a wurinta: mai keke. Mu da muka taso a haka ba ma ganin komai a ciki. Kunyar ɗan fari ce. Haka ta tarar da tata uwar tana yi, kuma zuwa Landan bai rage mata ko ƙwayar gero ba.

A lokacin ban daɗe da zuwa ba. Na gama sakandare a Zariya na biyo su Abba, ina zaman jiran gurbin karatu. Ba ni da aiki sai zuwa kasuwar Woolwich sayo tattasai da bin Yaya duk inda ya yarda in bi shi. Shi kuwa wata gasa ce ta shiga ransa, wadda Turawa ke kira triathlon. Mutum zai yi iyo mai nisa, ya fito jiƙe ya hau keke ya yi ta tuƙi, ya sauka kuma ya kama gudu, duk a tashi ɗaya ba hutu. Da ya yi wa Abba bayani, Abba ya cire tabarau ya dube shi ya ce, "To wa ya biyo ka?"

Wata Asabar, sanyi ya fara ja baya, na raka shi wani tafki a bayan gari inda 'yan ƙungiyarsu ke gwaji. Aikina riƙe tawul da filas ɗin shayi. Suka shiga ruwa suna dariya, ni ina bakin gaɓa ina kallon hularsa ja. Can tsakiya sai na ga hular ta tsaya. Sauran suna gaba, ita tana wuri ɗaya. Ta nutse ta fito. Ta sake nutsewa. Wani mutum a ƙaramin kwalekwale ya busa usur, ya yi kansa. Da suka jawo shi gaɓa leɓunansa sun koma launin toka, haƙoransa na haɗuwa, bai ma gane ni ba da farko. Aka naɗe shi da barguna, aka yi ta ɗura masa shayin da na zo da shi. Kafin azahar ya dawo hayyacinsa har yana tsokanata wai na zubar da rabin filas ɗin a takalmina. Ni kuwa har yau da nake rubutun nan, idan yara suka busa usur a filin ƙwallon da ke ƙasan benenmu, sai na nemi abin dafawa.

Da muka dawo gida na tarar da Umma a kicin tana yanka alayyahu. Na zayyana mata komai ina kuka. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Kin sayo min tumatir ɗin?" Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, raina a ɓace. Washegari ta tashi ta soya waina cike da babbar roba, ta sa ni raba wa maƙwabta hawa-hawa, har da tsohon Baturen da ke ƙasanmu mai kare. Duk wanda ya tambayi dalili in ce masa sadaka ce. Ta mece ce, ba ta faɗa ba.

To, a al'adarmu duk bazara gida uku muke haɗuwa mu tafi hutu tare. Akwai mu. Akwai gidan Gwaggo, yayar Abba, da ke Lewisham. Sai maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta ƙasar Gana da muke ce wa Anti, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, da 'ya'yanta mata biyu waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci. Anti ita ce mai kai-komon tafiya, ita ta san inda ake samun mota da masauki, kuma ba ta son jan magana. Yawanci wani gari muke zuwa a bakin ruwa, mu yi mako muna cin kifi da dankali muna ƙorafin iska.

A wannan shekarar Yaya ya kawo shawara. Tunda dai za a je hutu, me zai hana a zaɓi garin da ake gasarsa, ya shiga, mu kuma mu sha iska? Na ɗauka bayan abin da ya faru ya haƙura. Ashe ko a jikinsa.

Aka taru a falonmu ranar Lahadi bayan la'asar. Yaya ya baza hotuna a kan tebur. Wuri biyu ne suka yi daidai da hutun yara. Ɗaya wani tafki ne a Wales, nan cikin Birtaniya, tsakanin duwatsu, ruwan kwance luf kamar an shimfiɗa zani, tumaki na kiwo a gefe. Ɗayan kuwa wani gari ne a kudancin Faransa, kuma a cikin teku za a yi iyon. Teku! Na kalli hoton, ruwa ba iyaka, har ya haɗe da sama. Mu mutanen Zariya ruwan da muka sani rafi ne da kududdufi da dam. Tafki dai kana ganin ɗaya gaɓar, ko ba komai ka san inda za a nemo mutum. Idan ƙaramin tafkin bayan gari ya kusa cinye Yaya, teku fa? A raina na ce ko ana ha-maza ha-mata ba za a kai shi teku ba.

'Yan matan Anti suka hau tsalle suna kiran Faransa. Gwaggo ta ɗaga hoton ta nisanta shi da ido, ta ce wa Yaya, "Kai ɗan nan, mutane na gudun shiga uku, kai har kuɗin mota kake biya ka je ka shige ta?"

"Gwaggo, motsa jiki ne."

"Motsa jiki? Zo Lewisham ka goge min tagogi."

Abba ya ce shi duk inda mata suka zaɓa daidai ne, muddin akwai inda zai shimfiɗa darduma. Sai Anti ta juya ga Umma. "Hajiya, kai fa? Kai ne uwan yaro. Faɗi."

Ba a yi wa Umma irin wannan tambayar, kuma ba a ce mata uwar yaro a gaban mutane. Na ga ta gyara mayafi, ta kawar da kai wajen taga. Idan ta ce tafki, kowa zai san tsoron me take ji, kuma don wa. Ta ce, "Ni ina ruwana da inda mai keke zai yi wankansa? Yara na son Faransa, a je Faransa."

"Shi ke nan!" in ji Anti, ta tafa hannu. "Hajiya ya ce Faransa."

Kafin Laraba ta yi booking, ta kama mana masauki a can.

Umma ta ci gaba da harkokinta, amma gidan ya canza. Ta sa gishiri sau biyu a miyar kuka. Ta ƙona shinkafa, abin da ban taɓa gani ba. Tana idar da salla sai ta daɗe a zaune. Ni ma ba barcin kirki nake ba, da na rufe ido sai jar hula. Muna kicin tare, tsoro ɗaya ke cin mu, amma ba halin mu yi maganarsa. Na taɓa gwadawa na ce, "Umma, tekun nan fa..." Ta ce, "Miƙo min ludayi."

Sai na hau bus na tafi Lewisham. A gidanmu Gwaggo ce ke da bakin yin maganar Yaya. Ita ta yi masa wanka yana jariri, ita ke kiran sunansa da ƙarfi tun daga ƙofa, ita ke ce masa ɗana. Abin da uwa ba za ta iya faɗa ba, gwaggo ke faɗa. Na same ta tana kallon talabijin ta miƙe ƙafa a kan kujera. Na ba ta labarin tafkin bayan gari tun daga farko, don ashe ba wanda ya gaya mata dalla-dalla. Ta kashe talabijin.

"Uwarku ta san wannan ta ce Faransa?"

"Ta sani, Gwaggo."

"To ai dole ta ce Faransa, me kike so ta ce? Laifina ne da na tsaya surutun tagogi. Ita kuma waccan 'yar Kumasin, a ce mata ga hanya sai ta kama gudu. Maganar uwar ɗan fari ai juya ta ake yi kamar waina." Ta miƙe tana neman takalmi. "Bar ni da su."

Lahadin da ta biyo baya Gwaggo ta shigo falonmu tana dafe da ƙirji tun daga bakin lif. Ta zauna ta nemi ruwa. Ta ce ita fa ta yi tunani, ba za ta iya hawa jirgin ruwa zuwa Faransa ba. Ko ɗan jirgin fiton nan na Woolwich idan ta hau sai ta kwana biyu tana ganin jiri. Ga layin biza, ga mutanen da ba sa jin Turanci, ga shi an ce har kwaɗi suke ci. Idan ana son ta je, to a je wurin tumakin nan. Idan kuma an fi son a bar ta ita kaɗai a Landan kamar marar dangi, to ba komai, Allah na nan.

"Haba Yaya," in ji Abba yana duban yayar tasa, "wa zai bar ki?"

Anti ta riƙe ƙugu. "Ni na riga na yi booking fa! Hajiya da bakinshi ya ce Faransa."

Umma ta ce, idonta a kan tiren kofuna, "Tunda babba ta yi magana ai shi ke nan."

Aka dubi Yaya. Ya kalli Gwaggo, ya kalle ni. Ya ce, "Duk yadda Gwaggo ta ce." Anti ta fita tana mita, washegari aka yi cancel, wato aka soke na Faransa, aka kama masauki a Wales. 'Yan matanta suka daina gaishe ni, don sun ga ina murmushi. A daren nan Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, gishiri daidai. Ni kuwa na ji kamar na ciro Yaya daga ruwa da hannuna.

Bayan 'yan kwanaki Umma ta fara cigiyar ƙanƙara. Duk wadda ta haɗa a firji sai ta ɓace. Har ledojin kuɓewa da na wake da ta daskarar sai a same su sun narke an mayar. Wata rana da hantsi, ba kowa a gida sai ni da Yaya, na ji shi a banɗaki ya tara ruwa a baho, shiru ya yi yawa. Na tsaya a ƙofa ina kiransa. Can ya fito sanye da rigar sanyi, yana rawar ɗari, leɓunansa da launin nan da na sani. Na zauna a ƙasa a wurin.

"Yaya, me kake yi wa kanka?"

"Sabo nake yi da ruwan ƙanƙara. Tashi ki dafa min shayi, 'yar tsoro."

Da ya sha ya ɗan warware, ya yi min bayani. Ranar nan a bayan gari ba gajiya ya yi ba, kuma ba zurfi ne ya kayar da shi ba. Sanyin ruwan ne ya ɗaure masa ƙirji, numfashi ya ƙi shiga, hannuwa suka ƙi ɗaguwa. Shi jikinsa bai son ruwan sanyi, ko da rigar robar nan ta masu iyo. Tafkin Wales kuwa daga kan duwatsu ruwansa ke gangarowa, ko tsakiyar bazara ya fi na bayan gari sanyi nesa ba kusa ba. Tekun kudancin Faransa a wannan lokacin ɗumi gare shi kamar ruwan wankan jariri, ga gishiri na ɗaga mutum sama, ga masu ceto a jere. Shi ya sa tun farko ya fi son can.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Gwaggo ta yi magana a gaban Abba, in ce mata a'a? Kuma kin ɗauka ban san wanda ya je Lewisham ba?" Ya yi dariya. "Kada ki damu, zan saba."

"Ka fasa mana gaba ɗaya."

"Wannan kuma a'a."

Na san shi. Idan ya ce a'a da wannan muryar, ko Abba sai dai ya yi masa addu'a. Wato ni da Gwaggo mun haɗu mun ɗauke shi daga ruwan ɗumi mun kai shi na ƙanƙara, muna murna.

Yanzu aiki biyu ne a gabana: Umma ta sani, Gwaggo kuma ta janye maganarta. Na Umma ya fi sauƙi, don na san hanyar. Ba a gaya mata labarin Yaya, sai dai a gaya wa wani a inda take. Da yamma tana tankaɗe a kicin, na ɗauki wayar falo, wadda igiyarta ke kaiwa har bakin ƙofar kicin, na kira Gwaggo. Na ɗaga murya na maimaita duk abin da Yaya ya faɗa, har da inda kuɓewar Umma ke zuwa. Ina magana ina jin rariya ta tsaya.

A ɗaya ɓangaren Gwaggo ta yi salati. "Ke 'yar nan, kin sa na yi ƙaryar jiri a gaban ƙanena! Ni da na hau jirgin ruwa tun ba a haifi uwarki ba!"

"Gwaggo, ai ban sani ba."

"Ba ki sani ba. Ni ma ban sani ba. Wa ya taɓa jin tafki ya fi teku mugunta? Yanzu da wane bakin zan koma?"

Amma ta koma. Lahadi ta sake shigowa, wannan karon gwiwa ta dafe. Ta ce likita ya duba ta ya ce sanyi ya yi wa ƙasusuwanta yawa, abin da take buƙata rana ce da yashi mai zafi. Ita kuma an ba ta labari Wales ruwan sama ake yi safe da yamma, tumakin ma tari suke. Don haka ta yi shawara, za ta daure ta hau jirgin.

Abba ya ce mata, "Jirin fa, Yaya?"

"Akwai ƙwaya. Kai likita ne?"

Anti ta zauna daɓas. "Wallahi mutanen Najeriya za su kashe ni. Na yi booking, na yi cancel, na yi booking, yanzu in yi cancel in yi booking? Matan ofishin yana ganina yana ɓuya!" Ta juya ga Umma. "Hajiya, don Allah faɗi gaskiya sau ɗaya. Ina kake so?"

Umma ta ɗauki kofi ta goge shi da gefen mayafi, ko da yake a goge yake. Ta ce, "Ni ai tun farko Faransa na ce."

Gwaggo ta ƙware da ruwan da take sha. Abba ya ɓoye fuska a bayan jarida, jaridar na girgiza. Yaya ya fita baranda, muna jin dariyarsa ta cikin gilashi.

Masaukin farko ya riga ya cika, sai Anti ta samo mana wani tsohon gida a kan tudu, mai tagogin katako da bishiyar ɓaure a tsakar gida. Mun sha layin biza, mun sha tafiya. A jirgin ruwa Gwaggo ta manta da jirinta, ta hau can sama tana cin dambun nama tana nuna wa 'yan matan Anti tsuntsaye, sai da Abba ya tuna mata sannan ta dafe goshi. Ni ce ma na zauna a tsakiyar jirgin, nesa da kowace taga, na ƙanƙame jakata har muka sauka. Daga nan jirgin ƙasa, da keken Yaya a cikin kwali, da tukwanenmu, da buhun semo da Umma ta ce ba ta yarda da abincin kowa ba.

Garin ya yi mana daɗi fiye da yadda muka zata. Zafinsa irin na gida. Abba ya samo wani mahauci Balarabe mai naman halal, suka ƙulla abota ba tare da ɗaya na jin yaren ɗaya ba. Gwaggo ta binne ƙafafunta a yashi don kada a ce ƙarya ta yi, har ta ce gwiwar da ba ta ciwo ta yi sauƙi. Anti ta yi cinikin tumatir da yatsu ta ci riba. Yaya ya ja ni bakin ruwa ya ce in taɓa kawai. Na sa yatsan ƙafa na janye da sauri. Da ɗumi, gaskiyarsa. Amma girman bai ragu ba.

Ranar gasar muka sauka bakin teku da sassafe, da tabarma da filas da lema. Mutane maƙil, ana ta magana a lasifika ba ma jin ko kalma. Masu iyo suka jeru, hulunansu duk iri ɗaya. Umma ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta ba teku baya.

Anti ta ce, "Hajiya, ruwa yana nan baya fa."

"Hasken na dukan idona." Ta miƙo min lema. "Ke, tsaya nan gabana ki tare min rana."

Ranar ba ta ma yi zafin da za a tare ta ba. Na tsaya a gabanta riƙe da lema, fuskata ga teku, fuskarta gare ni. Niyyata tun a Landan ita ce idan an fara in rufe ido har a gama. Aka busa ƙaho, suka ruga cikin ruwa kamar an watsa wa kaji tsaba. Na runtse ido. Da na ɗan buɗe na dubi ƙasa, sai na ga Umma ta ɗago tana kallona, ba ta ko ƙiftawa. Carbi na hannunta a ƙarƙashin mayafi. A nan na gane aikin da aka ba ni. Ba za ta juya ta kalli ɗanta a gaban mutane ba. A fuskata za ta kalle shi. Idan na rufe ido na rufe nata, idan na firgita na kashe ta a zaune.

Na buɗe ido sosai na nemi Yaya. Allah ya taimake ni, saboda ɗumin ruwan ba wanda ya sa rigar roba, kuma a cikin fararen hannuwan nan da ke tashi suna faɗuwa, nasa ne kaɗai baƙaƙe. Na kama su da ido. Suna tashi, suna faɗuwa, ba gaggawa. Na sa hannu biyu na riƙe lemar. Na saki fuska iya yadda zan iya, har na ƙaƙaro murmushi, ban san yadda ya fito ba.

Can nesa akwai wata babbar tulluwar roba da aka sa alama a kan ruwa, wadda suke zagayawa su juyo. Da suka isa wurin suka cunkushe, ruwa ya yi fari, hannuwan suka ɓace min. Wani a kwalekwale ya busa usur. Na ji Umma ta kama bakin zanina ta riƙe, a hankali, yadda ba mai gani. Ban sauke ido na kalle ta ba, don na san abin da za ta gani. Na ci gaba da duban ruwan ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Usur ɗin ashe wani ne ya kauce hanya ake mayar da shi. Sai ga baƙin hannu ya tashi a wannan gefen tulluwar, ya faɗa, ya sake tashi, ya nufo mu.

Ban san me fuskata ta yi ba. Na dai ji an saki zanina.

Gwaggo kuwa tuni ta kutsa cikin Turawa har ruwa ya kai mata idon sawu, ta tattare zani, tana kiran sunansa tana rangaɗa guɗa. Mutanen wurin suka juyo suna kallonta, wasu suka hau tafa mata. Yaya ya fito yana haki yana dariya, leɓunansa da launinsu, a cikin masu fitowa ba shi ne na farko ba kuma ba na ƙarshe ba. Ya ruga wajen kekuna ta gefen tabarmarmu, ruwa na ɗiga daga jikinsa har ya fantsar wa Umma a baya. Abba na biye da shi a guje da babbar riga yana cewa, "A hankali dai! A hankali!"

Umma ta sa hannu ta shafa inda ruwan ya taɓa mayafinta. Ta ce, "Mutum ya bi ta kan jama'a jiƙe, ko sannu babu." Sannan ta dube ni. "Rufe lemar nan ki zauna, kin tsaya min a kai. Akwai sauran cincin?"

Na zauna kusa da ita, mu biyu muka ba teku baya. Keke da gudu suna gaba, amma waɗannan a ƙasa ake yin su. Na zuba mana shayi, rabi a kofi rabi a yashi. Muka cinye cincin ɗin tas kafin su Gwaggo su dawo.